Shekarar da Baba Ya Sa wa Kekensa Kwaɗo

Kun taso kuna jin ana kiran kakanku Mai Kwaɗo, har wasunku sun ɗauka sunan yanka ne. Kwanakin baya na ji 'yar'uwarku Maryama tana gaya wa 'yarta da Larabci wai don rowa aka laƙaba masa sunan. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yini abinci bai yi mini daɗi ba. Ban ga laifinta ba, abin da ta ji ta faɗa. Shi Baba ya hana a ba da labarin nan yana raye, mutumin da abin ya shafa kuma shi ma ya riga mu gidan gaskiya, don haka yanzu bakina a buɗe yake. Wanda Hausa ta yi wa nauyi a cikinku ya nemi wanda zai karanta masa, amma kada a rage komai.

Mahaifina Malam Idi gajere ne, kuma ni na gado shi, ku ma mafi yawanku ba ku tsira ba. Hillarmu, wato ƙauyenmu, tana gefen babbar tur'a, magudanar da ke kawo wa gonakinmu ruwa, yamma da garin Managil, kuma a zamanin da nake ba ku labari keken Baba shi kaɗai ne a ɓangarenmu. Baƙi ne mai nauyi, da kariya mai faɗi a baya wadda take ɗaukar buhun dawa ba ta yi ƙara ba. Sunan na Baba ne kawai, amma na kowa ne. Iyayenmu da ƙafa suka zo ƙasar nan daga yamma, ba su da komai sai juna, shi ya sa aro ya zama musu kamar farilla. Ba a hana aro. Ba a duba kaya a gaban wanda ya dawo da su. In abu ya lalace a hannun mai aro, mai shi ne zai gyara, ya kuma ja bakinsa ya yi shiru. Wanda aka ce wa ya ɓata kayan aro an ci mutuncinsa ke nan, dole ya biya, kuma ƙafarsa ba za ta sake taka gidan da neman wani abu ba. Saboda haka keken yana jingine a zaurenmu, sifana tana rataye a ƙusa kusa da shi, kowa ya zo ya kwance notin ya ɗaga sirdi ko ya sauke daidai ƙafarsa ya yi gaba.

Wanda ya fi kowa ɗaga sirdin shi ne Malam Bello, da ake kira Dogo, kakanku na wajen uwa. Ku da kuka san shi bayan ya ranƙwafa ba ku ga komai ba. A lokacin sai ya sunkuya yake shiga masallaci, ga shi da ciwon gwiwa, in bai miƙe ƙafa sosai a kan feda ba sai ya yi kwanaki yana ɗingishi. Matarsa Inna Rakiya tana fama da ciwon suga, kowane mako yakan ɗauke ta a kariya ya kai ta shafakhana, ɗakin shan maganin da ke hillar gaba, a duba ta. Hanyar kuwa a kan gaɓar tur'a take, siririya, hannu ɗaya gona, ɗaya hannun ruwa mai zurfi da ke shanye babban mutum. A shekarar nan ce na ga 'yarsu Safiya na ce in ba ita ba sai dai a bar ni haka. An kai gaisuwa, an karɓa, ana jiran a gama tsinkar auduga a sa rana.

Baba yana da ɗabi'a, in mai aro ya dawo da keke ya tafi, ya tabbata ya yi nisa, sai ya ɗauko tsumma da ɗan mai ya goge shi tun daga kai har kariya. Wata rana da la'asar, bayan Malam Dogo ya dawo da shi, sai na ji Baba yana kirana ƙasa-ƙasa. Na same shi a tsugune, ya zare sirdin gaba ɗaya da ƙarfen da ke ɗauke da shi, wanda ke shiga cikin bututun jikin keken. Ya nuna mini wani zane da aka tsaga a jikin ƙarfen, sannan ya nuna mini inda bakin bututun ya ci ƙarfen ya bar tabo mai sheƙi, can ƙasa da zanen. Abin da ke saura a ciki in Malam Dogo ya hau bai wuce faɗin yatsa biyu ba. Ƙarfen kansa ya ɗan lanƙwasa baya. Baba ya kama yatsana ya bi da shi bakin bututun, na ji wata tsaga siririya kamar gashi.

"Zanen ga, maƙera ba don ado sunka yi shi ba," in ji Baba. "In ya hito waje, abin da ya rage ciki bai isa ya riƙe mutum ba. Wata rana zai karye, kuma bisa tur'a zai karye, Rakiya na baya."

Na ce to ai magana ta ƙare, a je a gaya masa. Baba ya dube ni irin duban da yake yi wa wanda ya shuka auduga bayan lokaci ya wuce.

"In na hwaɗa mishi, gobe ya sai da akuyarshi ya biya ni, jibi ya sa Rakiya gaba su tahi da ƙasa. Kuma ga mu muna biɗar ɗiyarshi. Ba ni so ya ba mu ita kanshi na ƙasa, kamar mai biyan ɓarna."

Na ce a ce keken ya lalace kawai, ba sai an ambaci kowa ba. Ya ce duk hillar nan wa bai san wanda ya hau shi ƙarshe ba, wa kuma bai san wanda ke ɗaga sirdi har sama ba? Ka ce ya lalace, ka nuna Dogo da yatsa ke nan. Ka hana Dogo shi kaɗai, ka zage shi. Ƙarya kuwa Baba ba ya yi ko da wasa. Washegari ya ɗauko sarƙa da kwaɗon da muke rufe rumbu da shi, ya ɗaure keken a turken zaure, ya sa makullin a aljihu. Duk wanda ya zo aro, amsa ɗaya yake samu, "Ajalar na hutawa." Ajala muke ce wa keke a can, kamar yadda Larabawan wurin ke faɗa.

Ban taɓa ganin gari ya juya wa mutum baya da sauri haka ba. Da farko dariya aka yi, aka ɗauka zolaya ce. Da mai unguwa ya aiko aka mayar da ɗan aikensa hannu wofi, sai dariya ta ɗauke. Mutanen da suka saba shan jabana, wato gahawa, a rumfarmu da hantsi suka koma wata rumfa. Mata a bakin famfo suka ce tun da Malam Idi ya samu auduga mai kyau bara ya fara jin kansa. Nan sunan Mai Kwaɗo ya fito, yara suka ɗauka suna rera shi a bayan danga. Baba kuwa yana fita salla, yana gaida kowa, wanda ya amsa da wanda bai amsa ba, fuskarsa a sake kamar ba da shi ake ba. Ni da nake ɗansa na san abin yana cinsa, don na ga tuwonsa yana dawowa da saura.

Ranar da ta fi zafi ita ce ranar da Malam Dogo ya zo da kansa. Ina cikin gida, don saurayi ba ya tsayawa gaban wanda zai zama surukinsa, amma ina jin su. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya ce ranar Rakiya ce ta zagayo. Baba ya ba shi amsar da yake ba kowa, muryarsa ba ta canja ba. Sannan na ji Malam Dogo ya ce ma'alesh, ba komai, Allah ya hutar da ita lafiya, ya fita. Daga wannan mako Safiya ta daina fitowa zance. Baffanta ya aiko cewa maganar sa rana a ɗan dakata tukuna, kuma muka ji a bakin mutane yana cewa ba a kai ɗiya gidan da ake sa wa ƙarfe kwaɗo, don gobe hatsi za a sa wa. Na yi fushi da Baba, kuma har yau ina ganin duk saurayin da ya shiga wannan hali yana da hakkin ya yi fushi.

Amma Baba bai manta da Inna Rakiya ba. Tun kafin ya ɗaure keken ya yi magana da mahaifiyata, Inna Kulu. Ranar da aka mayar da Malam Dogo, kafin hantsi ya yi Inna ta sa na ɗaura wa jaki karo, wato amalanke, ta tsaya a ƙofar gidansu ta ce bayanta ne ya matsa mata, za ta shafakhana, ko Rakiya za ta raka ta? Ba ƙarya ta yi ba, bayan Inna tun da na san ta ciwo yake yi, sai dai bai taɓa kai ta gun likita ba sai a shekarar nan. Haka ta yi ta yi kowane mako, tana bin layi, ana ba ta ƙwayoyi tana tarawa a kwalla. In ta dawo sai ta ce wa Baba ita dai an mayar da ita majinyaciya da ƙarfi da yaji, in Allah ya kama ta da ciwon gaske to a wuyansa. Baba ya yi murmushi ya ce ya ɗauka.

A duk wannan lokaci neman sabon ƙarfe yake yi. Bai yarda ya kai wa mai gyaran hillarmu ba, don mutumin kirki ne amma bakinsa ba ya riƙe ko ruwa. Sai ya naɗe tsohon ƙarfen a tsumma, ya zura a aljihun jallabiyarsa, muka shiga motar Managil ranar kasuwa. Ni na ɗauka abu ne na shiga da fita. Ashe ƙarfen sirdi ba kamar ƙusa ba ne da kowace za ta shiga kowane katako. Kowane keke da kaurin bututunsa, kuma bambancin wani lokaci ido ba ya gani. Baba yakan haɗa bakin tsohon da bakin sabon, ya shafa da babban yatsa, in ya ji ɗan tudu ko ɗan kwari sai ya ajiye. Wani mai shago ya kawo mana dogo mai sheƙi, amma ya ɗan fi namu siranta. Ya ce ai wannan ba matsala ba ce, a yanko gwangwanin tumatir a naɗa masa, kowa haka yake yi. Ni har na fara gyaɗa kai. Baba ya ce gwangwani yakan lotse, ƙarfe ya riƙa rawa a ciki, mai hawa ya yi ta ƙara ɗaure noti har bakin bututu ya dare. Wani ya kawo mai kauri ya ce guduma za ta shigar da shi. Baba ya ce ta shigar da shi, ta kuma tsaga keken gida biyu. Na ukun ya fi ba ni haushi don shi ne ya fi kama da mafita: ya ce a yanko bututun ruwa, duk tsawon da muke so akwai. Baba ya ɗaga bututun ya nuna mini ɗinkin da ya bi tsawonsa, ya ce wannan an yi shi ne ruwa ya bi ta cikinsa, ba a yi shi don ƙato ya zauna a kansa ba. Masu kaurin da ya dace kuwa duk gajeru ne, irin wanda muka zo da shi. Muka koma gida hannu wofi.

A wani zuwan ne muka faɗa rumfar wani tsoho mai gyaran keke da walda a bayan tashar motoci. Ya karɓi ƙarfen, ya juya, ya ce wanda ya hau wannan ko dai raƙumi ne ko ɗan'uwan raƙumi. Ya ce akwai irin wanda muke nema, dogo mai wannan kauri, amma sai ya sa direban da ke zuwa Rufa'a ya duba masa, kuma bai san ranar ba. Muka yi ta jira. Aka gama tsinkar auduga, aka tuge karan aka ƙone, lokacin da ya kamata a sa ranata ya zo ya wuce. Sannan labari ya iso cewa wani mai shanu daga wajen Dindir ya aiko neman Safiya, kuma baffanta ya ba shi fuska. Na samu Baba a gona na ce masa zan je in faɗi gaskiya da bakina. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba zai ɗaure ni a turke kamar ajala ba, amma in tuna matar da aka samu ta hanyar kunyata ubanta, da wannan za a zauna har tsufa. Na tsaya ina kallonsa, ɗan gajeren mutum da laka har gwiwa, wanda gari duka ke zagi saboda alherin da ba wanda ya sani. Ban je ba.

Da saƙo ya zo cewa ƙarfe ya samu, muka kwantar da keken a karo muka lulluɓe da buhuna. Ba abin da ke ɓoyuwa a hilla, kafin mu fita gari an ce Mai Kwaɗo zai sayar da ajala don kada a sake roƙonsa. Tsohon ya liƙe tsagar da walda, ya ƙara mata zobe a waje, ya goge ciki, ya shafa wa sabon ƙarfen mai. Da hannu kawai ya tura shi, ya shige a hankali, ba guduma, ba rawa. Na ga Baba ya sauke numfashi. Sai tsohon ya ce akwai magana. Bakin bututun nan ya sha wuya, ba zai ƙara jure kwancewa da ɗaurewa kullum ba. A ɗaure shi sau ɗaya a wuri ɗaya a bar shi, zai yi shekaru. A ci gaba da wasa da shi, tsagar za ta dawo. Ya dubi Baba daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba, ya ce in nasa ne, bari ya yanke ƙarfen ya sauke sirdin.

"Kar ka yanke," in ji Baba. Ya tsaya kusa da keken ya ɗora hannu a ƙirjinsa, daidai bakin aljihu. "Nan za ka kai shi."

Tsohon ya ɗaga sirdin har nan, ya leƙa, ya ce ko a hakan zanen yana can ciki, abin da ya nutse ya fi tafin hannu, ya wuce mahaɗar bututun. Sannan ya ce, "Ya hajj, kai ba za ka ƙara hawanta ba ke nan." Baba ya ce ya sani, ya ɗaure.

A bakin gari Baba ya sa na sauke keken daga karo. Da rana tsaka ya tura shi da ƙafa ta tsakiyar hilla, sirdin yana gogar ƙirjinsa, mutane suna leƙowa daga rumfuna, wasu suna dariya. Bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar Malam Dogo. Ni na laɓe a bayan danga. Bayan gaisuwa na ji Baba ya ce ajala ta gama hutawa, sai dai ta yi masa tsawo, ya taimake shi ya riƙe ta a wurinsa. Ta tsakanin kara na ga Malam Dogo ya tashi daga angarib ɗinsa, gadon igiyar da yake zama a kai, ya dubi sabon ƙarfen, ya sa yatsa ya bi ɗinkin waldar a hankali. Ya daɗe a sunkuye. Mutum ne mai hankali, ba sai an yi masa bayani ba. Ya hau, ya je ƙarshen layi ya dawo, ƙafarsa tana miƙewa daidai, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Malam Idi, wa ya auna ni?"

Baba ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Shekara nawa ina tsaye kusa da kai cikin sahu? Ƙugunka nan yake kawo mini."

Malam Dogo ya juya fuskarsa wajen gona na ɗan lokaci. Da ya juyo sai ya ce, "Hau baya in kai ka gida."

Kafin wata ya ƙare aka sa ranarmu da mahaifiyarku, baffanta kuma bai ƙara tayar da maganar mai shanu ba. Malam Dogo ya so ya tashi a masallaci ya wanke Baba, Baba ya roƙe shi ya bari. Ya ce in aka ji labarin, gobe kowa zai fara juya kayan aro a gaban maƙwabcinsa yana neman tabo, kuma sunansa bai kai wannan tsada ba. Haka sunan ya zauna. Gajerun hilla, waɗanda keken ya fi ƙarfinsu daga ranar, su suka fi riƙe sunan, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Baba bai ƙara taka feda ba har ya bar duniya, mutumin da ya fi son keken nan fiye da jakinsa da rediyonsa a haɗe. Amma kowace Juma'a da hantsi Malam Dogo yakan tsaya a ƙofarmu, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya kaɗa ƙararrawa. Baba ya fito da farar jallabiya ya ɗare kariya, su bi gaɓar tur'a zuwa babban masallaci, dogo a gaba, gajere a baya yana riƙe da rawaninsa. Na yi ta kallonsu shekara da shekaru, kuma ban taɓa ganinsu ban ji alfahari da ubana ba.

Baba ya rasu ranar Talata, Malam Dogo ne ya yi masa wanka. Da Juma'a ta zo muna zaune a zaure ana karɓar gaisuwa, sai muka ji ƙararrawa a ƙofa. Na leƙa, ga shi a kan keken, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana kallon ƙofar da Baba ke fitowa. Na yunƙura zan je wurinsa, Inna Kulu ta kama gefen rigata ta ce in bar shi. Ya tsaya daidai yadda ya saba tsayawa kafin Baba ya gama naɗa rawani. Sannan ya ɗaga ƙafarsa, ya bi gaɓar tur'a a hankali, kamar mai ɗauke da mutum a baya.